Bakan Ruwan Leda

Malam Abdulbaƙi na tsakar goge allo Madam Victoria, mai makarantar, ta leƙo ta ce baƙi sun iso, ya zo ya riƙe wa Nazir jakar ruwan leda.

Ya daɗe yana koyar da lissafi a aji shida na wannan makaranta da ke bayan kwatar Agege, inda rabin ɗaliban 'ya'yan mahauta ne da ba su ga abin da ya haɗa su da x ba. Shi ya sa ya ƙirƙiro dabararsa. In an zo kan lissafin kwadiratik, sai ya fitar da yara fili, ya durƙusa gindin katanga, ya ciji kusurwar leda ya matse. Ruwan ya tashi, ya yi baka, ya sauka, ya bar jiƙaƙƙen zane a jikin siminti. Inda ya tashi da inda ya sauka, su ne amsoshin x guda biyu. Wanda ya dafa katangar a cikin bakan yana yankin "ƙasa da", wanda ya dafa a samansa yana yankin "ya fi", wanda tafinsa ya jiƙe kuwa yana kan layi daidai.

Nazir ɗan ƙanwarsa ne. Ya zo daga Funtuwa da digiri da jaka ɗaya, Malam ya shimfiɗa masa katifa a falo, ya roƙi Madam har ta ɗauke shi aiki. Ranar darasin ruwa yaron ya tsaya a baya da waya a hannu yana ɗauka. Malam ya zaci son ilimi ne, har ya yaba masa a gaban uwargida. Ashe Nazir ya koma ya maimaita darasin da Turanci, da fuskarsa, ya sa a intanet, wata ƙungiyar tallafa wa makarantu ta gani.

Yanzu ga Malam tsaye a rana da jaka, yana miƙa leda kamar ɗan talla. Nazir ya durƙusa ya matse, bakan ya fito kyakkyawa. Gaskiya ya koya da kyau.

Shugabar baƙin, wata Misis Caroline mai tabarau, ta tambaye shi inda ya samo tunanin.

"A cikin motar danfo ya zo mini, Ma," in ji Nazir. "Na ga kwandasta yana wanke gilashi da ruwan leda."

A iya zaman Malam a Ikko bai taɓa ganin kwandastan da ya wanke gilashi ba. Ya juya ga ɗaliban, waɗanda ya yi wa wannan darasi watan jiya. Idonsa ya tsaya a kan Laila, wadda ta fi kowa surutu, wadda ba ta barin kuskuren ɗigo ya wuce a allo. Laila ta duƙufa kallon takalminta. An riga an gaya musu baƙin za su kawo kwamfutoci. Suka tafa.

Da motar baƙin ta fita, Madam ta ja Malam gefe.

"Malam, ba za ka ji haushi ba ko? Sun ce shi suke so ya riƙe aji shida. Kai ka huta da 'yan aji ɗaya. Ai yaronka ne, abu bai bar gida ba."

"Bai bar gida ba kam," ya ce. "A falona yake kwana."

Nazir ya tare shi a gindin matakala, yana shafa ƙeya.

"Kawu, kada ka ɗauka da wata manufa. Mutanen nan matasa suke nema. In na ce kai ne, duk mu tashi a tutar babu."

"Madalla. Ashe taimakona ka yi."

"To, Kawu, za su dawo da kyamara. Matar ta ce in nuna bakan da ke buɗewa sama, irin na lissafin da ba alamar ragi a gabansa. Ruwa kuwa ai ba ya yin haka."

Malam yana da amsar. Sai yara su juya wa katangar baya, su sunkuya, su leƙa ta tsakanin ƙafafunsu. Darasi na biyu ke nan, kuma bana ba a kai gare shi ba. Ya san 'yan aji shida za su shiga jarrabawa ba su sunkuya ba. Ya ɗan ji abin a ƙirjinsa, amma bai kai zafin abin da Nazir ya yi masa ba.

"Ka shiga danfo," ya ce. "Wataƙila kwandasta ya nuna maka."

Ya hau sama zuwa aji ɗaya. Yaran suka miƙe suka gaishe shi da murya ɗaya. Babu wuta, fanka a tsaye, zufa na keto wa kowa. Ya bi tagogin da ke kallon fili ya rufe su ɗaya bayan ɗaya, ya tura ƙofa ya sa sakata, kada wani mai waya ya sake leƙo masa darasi.

"Malam, zafi," wata yarinya ta ce.

"Za ku saba," ya ce, ya ɗauki alli.