Kwanar Masu Tulu

"Baba cewa ya yi zai je Kwanar Masu Tulu," in ji matar yayan wata tela, da ta kira ta a waya. "Na ɗauka surutunsa ne. Na fito daga wanka, babu shi."

Telar ta bar rigar mutane a ƙarƙashin allura, ta fito ko ƙofar shagon ba ta ja ba. Tun bara Baba yake ruɗewa, har sunayen 'ya'yansa kan ɓace masa. Ga shi yau ko maganin sukarinsa bai sha ba.

Mai babur ɗin da ta tare ya duba taswira a wayarsa, ya girgiza kai. "Anti, babu wannan sunan fa."

"Kai ni tsohon gari kawai!"

A can duk kwanar da ta duba sabon allo ne mai lamba. Mai shagon magani ya ce shi baƙo ne. Mai wankin mota ya yi dariya, ya ce tulu kuma a wannan zamani? Sai wata tsohuwa mai sayar da tsintsiya ta ɗago kai.

"Rabon da in ji wannan suna tun ina amarya. Bi Lungun Marina, ki wuce Rijiyar Makafi. Inda kika ga hubbaren waliyyi, nan ce."

Ta zuba da gudu, mayafi a hannu. A bakin lungun ta hango taron mutane sun kewaye wata mota, ana salati. Ta kutsa tana ture mutane. Ashe akuya aka buge.

Hubbaren ɗan ƙaramin ɗaki ne mai koriyar ƙofa, a matse tsakanin shagon taya da gidan bene. Baba na zaune a dakalinsa, ya cire takalma ya jera su gefe.

"Baba!"

Ya dube ta da fara'a irin ta baƙo. "Sannu, 'yan mata. Ɓata kika yi?"

Ta ce, "Me kake yi a nan?"

"Uwar yarana nake jira. Nan muke haɗuwa in ta taso daga kasuwa, mu yi addu'a mu wuce gida tare."

Inna kuwa, uwar yaran nasa, ta daɗe da rasuwa. 

Wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne.

"Na gan shi, Yaya. Lafiyarsa ƙalau."

"To ku taho mana!"

"Kai dai kawo maganinsa, zan yi maka kwatance."

Ta cire takalmanta, ta zauna kusa da shi. Baba ya matsa mata wuri.