Bugun Taɓarya a Ƙasa

Da damina Rauda ta gane Durwa ya kurmance. An yi tsawar da ta sa awaki tsinke igiya, shi kuwa yana kwance bakin rumbu, ko kunne bai kaɗa ba. Karen da a da hadari kaɗai ke sa shi rawar jiki.

Durwa na marigayi Jaji ne, mijinta. Tun yana ɗan kwikwiyo Jaji ya kawo shi Yashe don gadin tumaki. Tumakin sun ƙare, Jaji ya tafi, aka bar tsohuwa da tsohon kare. Ba ta taɓa shafa shi ba, kaskonsa daban, amma kullum sai ta jiƙa masa tuwo da ruwan ɗumi saboda haƙoransa sun zube saura kaɗan.

Da kira ya daina aiki, sai ta samo wata hanya. In tana son ya zo, ta buga taɓarya a ƙasa, ba a turmi ba. Motsin ƙasar yake ji a cikinsa, ya tashi ya nufo ta yana kaɗa wutsiya. In ta ɗaga tafi ya tsaya. Ta kuma gaya wa kowa kada a zo masa ta baya, a bari ya ga mutum tukuna. Aka ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Ran nan Lawal, ƙanen Jaji, ya shigo ya tarar da shi yana barci a ƙofar zaure. Ya kira, ya daka tsawa, sannan ya zungure shi da ƙafa. Durwa ya zabura ya cafke idon sawu.

Kafin la'asar gari ya yanke hukunci. Karen da ba ya amsa sunansa, ba ya haushi, sai kallo, ai hauka ke tafe. Aka tsige gashin bayansa aka ƙona, aka shafa tokar a ciwon, kamar yadda aka saba. Saura kisa, domin a wurinmu an yarda cewa in kare ya haukace ko bayan shekara ne, wanda ya taɓa ciza ma sai ya bi shi. Ni da nake maƙwabtaka da Rauda na tambayi masu faɗin haka wa suka taɓa gani, kowa ya ce kakansa ya gani.

Durwa ya shige ƙarƙashin rumbu, inda sanda ba ta kaiwa. Rauda ta tsaya gaban maza ta ce kurma ne, tsoro ya ji. Ta ce a kai Lawal asibiti a yi masa allura, a ɗaure karen a zuba masa ido, in da ciwo ai zai nuna.

"Yaya, ke kare kika sani," in ji Lawal. "Ni ƙafata nika ji."

Sai ta ce su gani da idonsu. Ta sa aka buga tasa a bakin rumbun, Durwa bai motsa ba. Ta ɗauki taɓarya ta doka ƙasa. Ya rarrafo ya fito, ta ɗaga tafi, ya tsaya cak. Mazan suka dubi juna. Modibbo, dattijon unguwa, ya ce a dakata har ta je Kankia ta zo da malamin dabbobi. Da ta sauke hannu karen ya koma maɓoyarsa.

Sa'a, matar Lawal, tana tsaye bakin ƙofa tana kallo. Daren nan ita ta kwana tana wanke ƙafar da ke kumbura.

Washegari Rauda ta hau mota da sassafe. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma da hantsi na ji bugun taɓarya a ƙasa. Kafin in lalubo takalmina in zagayo, an gama da Durwa. Sa'a na riƙe da taɓaryar, Lawal na jingine da bango yana haki, ga kulki a hannunsa. Wai da gudu karen ya fito, har da kaɗa wutsiya.

Rauda ta dawo da azahar ita kaɗai, malamin ya ce sai jibi. Ta dubi wurin da aka zuba ƙasa a kan jini, ta dubi Sa'a.

"Wa ya kira shi?"

"Yaya, ɗiya gare ni ƙanana," in ji Sa'a. "In ubansu ya haukace mi zan yi?"

Rauda ta nufi bakin rumbu. Ta ɗauki kaskon Durwa ta kife.

Lawal bai je asibiti ba sai da ƙafar ta yi ruwa, inda suka kankare tokar suka yi masa faɗa. Ya warke, gari ya ce Allah ya sa an kashe karen da wuri. Rauda kuwa ta ba da turmin da taɓaryar kyauta. Yanzu inji take kai geronta, ga nisa ga ciwon gwiwa.