Rumbun Majami'a

"Sake mini hannu, Baƙo, ba ni ne mala'ikan mutuwa ba," in ji Kailu.

Baƙo bai sake ba. Kwana tara yana kwance ba lafiya, rabonsa da abincin kirki, amma riƙon manomi yana nan a yatsunsa.

"Kai ka kwashe geron ga, maƙwabci. Na ga sawun amalankenka bayan majami'a."

Kailu ya duƙar da kai. Musulmi ne shi, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Baƙo shekara ashirin, sana'arsa jigila da jaki. Kiristocin Filinge ba su da yawa, amma duk kaka kowa yana kai dami ɗaya cikin goma rumbun majami'a, zakkarsa ke nan, don marayu da zawarawa su samu na tuwo idan damina ta yi tsanani. Bara, sau shida Pasto Sani ya sa Kailu ya zo ran Lahadi, jama'a na ciki suna waƙa, kasuwa kuma na ci, ya loda dammunan ya kai wa wani ɗan kasuwa. Da Baƙo ya miƙe a taro ya ce a buɗe rumbu a gani, Pasto ya yi Lahadi uku yana wa'azi a kan masu tsegumi, aka cire Baƙo daga dattawan majami'a, aka daina gaishe shi. Kailu ya ji komai ta saman katanga, ya yi abin da ya fi ƙwarewa a kai tun yana saurayi, wato shiru.

"Saratu, matso ki ji," Baƙo ya ce wa matarsa. "In na tahi, hurar masu gaisuwa daga rumbun ga za a ɗebo geronta. Gaban kowa. Shekara talatin ina zubawa. Kada a sa ni rami sai an buɗe shi."

"Haba, malam, mutuwa za ka yi ko shari'a?"

"Duka biyu," in ji Baƙo.

Ya cika ran Talata da hantsi, bakinsa a ɗan karkace kamar mai ɓoye dariya. Kafin a gama yi masa wanka wasiyyar ta zaga unguwa.

Azahar ba ta yi ba sai ga Pasto Sani a ƙofar Kailu, zufa ta jiƙa wuyan rigarsa.

"Malam Kailu, buhu goma na saya a kasuwa. Ka zaga ta baya ka juye cikin rumbu, maza, tun jama'a na gidan makoki."

Kailu ya dube shi. Pasto haifaffen birnin Yamai ne, gero a tukunya ya san shi. Bai taɓa tsayawa ya lura ba cewa a nan ƙasar Kurfai duk ba wanda ke zuba tsaba a irin wannan rumbu, zangarniya ake jerawa, dami bisa dami. Kalma ɗaya za ta cece shi. Kailu ya taɓa kalmar da harshe, ya ji ɗanɗanonta, ya haɗiye.

"To, Pasto," ya ce. "Allah shi ba da lada."

Da la'asar aka taru a gindin rumbun, har maƙwabta Musulmi. Aka ɗaga jinkar rumbun. Dodo, babban dattijon majami'a, ya hau tsani da kyar, ya zura hannu, ya fito da shi cike da tsaba. Ya daɗe yana kallonta.

"Ikon Allah!" in ji Ladi, wata bazawara da aka hana dami ɗaya bara. "Geronmu ya sussuke kanshi, ya sheƙe kanshi! Pasto, mu'ujiza irin wagga kuma kaka ɓoye muna?"

Wani ya yi dariya, ya mai da ita tari. Saratu ta karɓi tsabar ta sansana.

"Warin maganin ƙwari na shago. Ban dama wa masu gaisuwar mijina wanga abu."

Dodo ya juyo daga kan tsani. "Kailu, kai ka jigila unguwar ga. Mi ka sani?"

Tsoro ya ba Kailu shawarar ya tafi duba jakinsa. Karon farko a rayuwa bai bi shawarar ba.

"Sau shida na hitar bara, baba. Yau sau ɗaya na shigar."

Ba wanda ya ɗaga murya. Dodo ya sauko, ya miƙa hannu, Pasto ya ba shi Littafi Mai Tsarki ba tare da an ce masa komai ba.

"Dattijon majami'a za mu binne," in ji Dodo. "Ni za ni yi addu'a."

Maƙwabta suka kawo gero daga nasu rumbunan, aka daka, aka dama. Da Kailu ya juyo daga maƙabarta, ya tarar ashe buhu ɗaya ya yage a amalanke. Siririn layin tsaba ya miƙe daga gindin rumbun har kwanar kasuwa, kajin unguwa sun jeru a kansa suna tsattsagewa, ba mai korar su.