Sai An Shigo da Direba

Sun zaunar da Inna a layin gaba, kusa da fanka, suka miƙa mata ruwan roba da hankici. Ita kuwa ba kuka ya kawo ta ba. Kukan Autanta ta gama shi tun ranar da aka kawo mata takalmansa na soja a cikin leda.

Tun da ta shigo zauren barikin idonta na kan ƙofa. Can waje cikin rana, Direba ne tsaye a kan sandunansa, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe. Shi ne Auta ya koma cikin ruwan harsashi ya ciro daga motar da ke ci da wuta. Ya goyo shi har bakin gada, sannan ya juya ya tsare gadar shi kaɗai sai da abokansa suka haye. Bai biyo su ba. Yau kuma mai tsara taro, wani mai tumbi kamar ya haɗiyi tulu, ya ce Direba ya jira a waje, wai sanduna za su ɓata hoto.

Aka busa begila, aka karanto jarumtar Auta. Babban hafsa ya ɗauko lambar yabo, ya ce mahaifiyar marigayi ta taso.

Inna ta gyara zama.

"Inna, ke ake kira," in ji babbar 'yarta, tana zungurinta. "Don Allah kar ki ba mu kunya."

"Na ji. Kunnena ƙalau."

Mai tumbi ya rugo ya durƙusa, gumi na tsattsafo masa. "Mama, ki yi haƙuri, manya na jira."

"Su jira. Ɗana bai bar yaron can a cikin wuta ba, ni ce zan bar shi a rana? Ku shigo da shi, ko ku rataya wa kujerar nan ƙarfenku."

Babban hafsan ya dubi Inna, ya dubi ƙofa, ya ɗaga wa mai gadi hannu.

Direba ya shigo, ƙwas, ƙwas, a hankali, kansa a sunkuye don kunya. Sai da ya iso gabanta Inna ta miƙe, ta kama hannunsa ta riƙe gam. Mai hoto ya fara karkata kyamara don ya kauce wa ƙafar.

"Kai, mai hoto!" in ji Inna. "Ɗauka da kyau, har da sandunan. Abin da ɗana ya mutu a kai ke nan."