Sunan 'Yar Fari

Duk wanda ya san Hajiya Mardiya a Silver Spring ya san bakinta ba ya gajiya da kiran sunan mutane. 'Yar Maraɗi ce, shekararta goma sha tara a Amurka, tana kitso a falonta, mijinta Yacouba kuma yana tuƙa tasi. Allah bai ba su haihuwa ba. An sha magani har an gaji, na asibiti da na gida da ake aikowa a ƙullin leda, daga bisani suka bar wa Allah ikonsa.

Shekarar da aka kwaso mutanen Afghanistan a jirage, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa wata ƙungiyar agaji tana neman masu taimako. Mardiya ta ba da Asabar ɗinta. A wani zaure da ke Gaithersburg take wuni tana ware rigunan sanyi, tana dafa shinkafa a tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta. Turancinta na kasuwa ne, yaren baƙin kuwa ko "zo" ba ta sani ba. Amma cikin mako biyu ta haddace sunayen yara talatin, tun daga bakin ƙofa take rafka musu kira kamar mai tallan fura: "Zarmina! Farhad! Parwana, ina takalminki?"

A cikinsu akwai Afnan, 'yar shekara goma sha ɗaya, marainiya gaba da baya. Wata maƙwabciyarsu ce ta riƙo hannunta har cikin jirgi, da aka iso kuma matar ta ce nata bakwai sun ishe ta. Afnan ba ta wasa da kowa. Kullum tana tsugune wajen kwalin takalman sadaka tana haɗa su ƙafa da ƙafa, in ta rasa ɗan'uwan wani sai ta riƙe shi a cinya ta yi shiru. Mardiya ba ta iya ganin yaro ya yi shiru ta ƙyale shi. "Afnaaan!" take cewa, ta ja ƙarshen sunan, ta cusa mata ƙosai a hannu. Wata rana yarinyar ta ɗago ta ce da ɗan Turancin da ta fara tsinta, "Haka mamata take faɗa."

Ranar Mardiya ta ƙona shinkafa.

Debbie, jami'ar da ke kula da marayun, ita ta fara kawo maganar riƙo. Aka shiga darussa, aka ɗauki hoton yatsu, aka zo gidan aka duba tagogi da na'urar gano hayaƙin gobara, har firiji sai da aka leƙa. Yacouba ya ce ko da ya je neman aure ba a yi masa tambayoyi haka ba. Bayan wata biyar Afnan ta iso da jaka ɗaya. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta jera su daidai kusa da na Mardiya, ƙanana a gefen manya. Mardiya ta fito daga kicin za ta kira ta cin abinci, idonta ya sauka kan takalman nan, ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita.

"Ke," ta ce. "Zo ki ci abinci."

Ba wanda ya yanke wannan shawara, ita kanta ba ta san ta yanke ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta tsura masa ido a gaban mutane. Haka Mardiya ta tashi ta gani, kuma shekara ashirin da shida da aurenta tana kallon wasu mata suna wannan alkunya tana haɗiyar yawu. Yau ga nata ya zo, a jirgi, daga ƙasar da ba ta iya nunawa a taswira ba. Daga ranar Afnan ta koma "ke", in ana maganarta kuma "yarinyar nan".

Wata takwas aka yi a haka. Mardiya ta koyi dafa shinkafar mutanen su Afnan mai karas da zabibi, ta riƙa tashi tun asuba tana goge mata kayan makaranta. Ran da Afnan ta kawo takardar yabo ta lissafi, ta miƙa da hannu biyu tana haki don gudu, Mardiya ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da yankan kuɓewa. Sai da yarinyar ta shige ɗaki ta wanke hannu, ta ɗauki takardar ta kai cikin akwatin da take ajiye fasfo da zinarenta. Ranar Asabar kuwa su je zaure tare, Mardiya ta cika wuri da "Zarmina! Farhad!", Afnan na tsugune wajen kwalin takalma tana ji.

Wata Litinin da hantsi Debbie ta zo ba ranar zuwanta ba. Ta ƙi shan shayi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bakin kujera ta ce, a hankali don Mardiya ta gane, Afnan ta roƙi a canja mata gida.

"An buge ta ne?" in ji Mardiya. "Wa ya taɓa ta?"

"Ba wanda ya taɓa ta," in ji Debbie. "Cewa ta yi kin daina sonta. Ta ce da can kina kiran sunanta, tun da ta shigo gidan nan ba ki sake ba, ko sau ɗaya. Ta ce ba ta son ta zame miki kaya. Gaskiya ne ba kya kiran sunanta?"

"Gaskiya ne."

"Me ya sa?"

To, ina amsa? Ta dubi baƙuwa ta ce don ɗiyata ce ta fari, don ina sonta? Ai wannan shi ne ainihin rashin kunyar da ake gudu. Mardiya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, ita kuma Debbie, baiwar Allah, ta rubuta abin da idonta ya gani. Ta ce za ta dawo ranar Juma'a da la'asar ta ji ta bakin kowa, in yarinyar na nan kan bakanta, akwai wasu mutane a Lanham da suka shirya karɓarta.

Da Yacouba ya dawo cin abincin rana ya tarar ba a ɗora komai ba. Ya ji labari, ya fara dariya, ya dubi fuskar matarsa ya haɗiye sauran.

"To ki kira sunan mana, Hajiya. Suna ne fa, ba dutse aka ce ki ɗauka ba."

"Kai mi ka sani? A ƙasar da ɗa ke kiran ubansa da suna su za su koya mini riƙon ɗiya?"

"Bari in buga ma Debbie talho in yi mata bayani."

"Debbie ce ta ce za ta tafi?"

"To in gaya ma yarinyar."

"Ka gaya mata mi? Wallahi ka buɗe baki, ni da kai ne."

Ya ɗaga hannu biyu ya koma bakin aikinsa da yunwarsa. Shekara ashirin da shida sun koya masa inda ake tsayawa.

Fushin bai kai yamma ba, tsoro ya maye gurbinsa. Mardiya ta shiga gwaji. In tana ita kaɗai sunan fita yake sumul, ta faɗa wa tukunya, ta faɗa wa madubin banɗaki, har a bas ta faɗa wata tsohuwa ta juyo tana dubanta. Amma da ta ji motsin makulli, yarinyar ta shigo da jakar makaranta ta yi sallama a ladabce, sai harshe ya yi nauyi. Talata ta wuce da "ke". Laraba ma haka. A ranar ce ta shiga share ɗakin Afnan ta ga jakar nan guda ɗaya a ƙarƙashin gado, an riga an shirya ta, har da buroshin haƙori na ajiya. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta.

Ranar Alhamis bayan an taso makaranta Inna, mahaifiyar Mardiya, ta kira daga Maraɗi, a wayar ƙanwar Mardiya, ta bidiyo. Tsohuwa ta kusa tamanin, ta kawo fuska dab da waya har hanci kaɗai ake gani. Afnan na kan tebur tana aikin gida. Inna ta gaisa da Yacouba, ta ba da labarin Nassirou da ciwon ƙafarsa, da Ramatou da ta aurar da ɗiya, da Hairat, da Moussa, 'ya'yanta kaf kowa da sunansa. Sannan, ga fuskar Mardiya cike da waya, ta kau da kai ta ce, "Yacouba, ya mutuniyar taka? Tana cin abinci kuwa? Na ga ta faɗa."

"Lahiya lau nike, Inna," in ji Mardiya.

"To, madalla," in ji tsohuwa, ta koma zancen tsadar gero.

Mardiya ce 'yar farin Inna. Da aka kashe waya ta shige kicin ta tsaya gaban famfo ba ta buɗe shi ba. Ta tuna shekarar da ƙyanda ta kwantar da ita tana 'yar bakwai, jiki ya yi zafi har an fara fid da rai. Inna ta ɗauka barci take, ta sunkuyo ta sa baki a kunnenta ta ce, "Mardiya." Sau ɗaya ke nan a shekara hamsin da biyu, kuma har yau tana jin ɗumin numfashin a kunnenta. Ashe ita ma ta yi kwaɗayin abin nan. Bambancin kawai, ita ta tashi cikin mutanen da suka san fassarar shirun, Afnan kuwa wa ta gani, wa zai gaya mata?

Daga falo ta jiyo muryar Afnan, wadda Hausa ta fara zama a kunnenta, tana tambayar Yacouba wani abu ƙasa-ƙasa da Turanci. Sai ta ji ya yi gyaran murya ya ɗaga sauti: "Hajiya, za mu je sayen gurasar mutanensu, yanzu mu dawo." Shagon tafiyar minti goma ne. Sai da suka yi awa ɗaya da rabi, gurasar ma ta huce, kuma Yacouba ya ƙi yarda su haɗa ido.

Juma'a da la'asar Debbie ta zo da takardunta. Aka zauna, Yacouba a kujerarsa, Afnan a kan dardumar falo ta naɗe ƙafa, Mardiya a can ƙarshen doguwar kujera cikin mayafin da take zuwa suna da shi. Debbie ta buɗe baki za ta fara, Mardiya ta ɗaga mata hannu. Tun safe ba ta ci komai ba. Ta juya ta dubi yarinyar ido cikin ido, a gaban miji, a gaban baƙuwa, gumi na tsattsafo mata a goshi kamar mai ɗauke da buhu.

"Afnaaan," ta ce, ta ja ƙarshen yadda take yi a da. Muryar ta karye a tsakiya amma ta kai shi. Ta ja numfashi za ta sake, don ta yi niyyar ko sau ɗari ne ta faɗa in dai jakar nan za ta koma cikin kabad.

Ba ta samu ta sake ba. Yarinyar ta taso da gudu ta toshe mata baki da tafin hannu.

"Ya isa, Mama," ta ce da Hausarta mai tuntuɓe. "Sau ɗaya ya isa. Baba ya gaya mini." Ta juya wajen Debbie, hawaye na zuba, hannunta bai bar bakin Mardiya ba, ta koma Turanci: "Ki rubuta ba na tafiya. Zarmina tana da suna, Farhad yana da suna, kowa yana da suna. Ni ce ta fari."

Debbie ta dubi Yacouba, ya ce zai yi mata bayani a bakin mota, dogon zance ne. Ta rufe takardunta ta ce in har yanzu akwai shayin nan, za ta sha.

Mardiya ta zare hannun yarinyar daga bakinta, ta riƙe shi a ƙarƙashin mayafi inda ba mai gani, ta matse. Ta harari mijinta harara ɗaya ta bashi, wadda ya san zai biya daga baya. Sannan ta kau da kai wajen taga, ta gyara murya.

"Ke," ta ce, "tashi ki ɗora wa baƙuwa ruwan shayi."

"To, Mama," in ji Afnan, ta tashi tana murmushi.