Littafin da Ya Tsaya a Bakin Kogi

Wasiƙa ta huɗu ke nan daga Zariya, kuma maganarta ɗaya da ta ukun da suka gabace ta: ina kashi na biyu? Malam Abdulwahid ya karanta ta a tsaye a ƙofar ajinsa, ya ninke, ya cusa a aljihun da ya saba cusa abin da ba ya son gani.

Malamin elementare ne a Haɗeja, siriri mai yawan shiru, wanda in ka gan shi ba za ka ce ya iya ƙaga ko tatsuniya ba. Amma shi ne ya rubuta "Shu'ibu Ya Yi Gabas", littafin da aka buga shekara biyu da suka wuce, har ake karanta shi a zauruka mutane suna barin tuwo yana hucewa. Labarin wani saurayi ne masunci da ya kama hanyar Makka a ƙafa, ya sha yunwa, ya sha ƙishi, har ya isa bakin wani babban kogi a ƙasar Sudan, ya zauna kwana uku yana jiran mai fito. Nan littafin ya tsaya cak.

To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Malam ba ya ratsa kasuwa sai wani mahauci ko maɗinki ya ɗaga murya: "Malam, har yanzu bawan Allahn nan yana bakin ruwa? Ko mu aika masa da kwalekwale daga nan?" Ya yi murmushi ya wuce. Shi kuwa Baturen da ke kula da ɗab'i a Zariya ya riga ya tsara masa yadda yake so: Shu'ibu ya ƙetare, ya yi aikin haji, ya dawo gida da raƙuma da dardumai, gari ya fito tarye. Wai masu karatu sun fi son haka. Wannan Baturen ne dai ya cire shafi goma sha biyu daga kashi na farko, ya ce takarda ta yi wuya tun bayan yaƙi, kuma ba abin da ke faruwa a cikinsu, wata tsohuwa ce kawai take jira.

Abin da Zariya ba ta sani ba, kasuwar Haɗeja ma ba ta sani ba, shi ne babu wani Shu'ibu. Akwai dai Fannami, yayan Abdulwahid uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya bar garinsu Guri shekara goma sha tara da suka wuce da sanda da tasbaha. Labarinsa na ƙarshe wani alhaji ne ya kawo, ya ce ya ga mai kama da shi yana tsinkar auduga a Sudan. Daga nan shiru. Abdulwahid ya yi kewarsa irin kewar da ba a faɗa, sai ya zuba ta a takarda, ya bi shi da alƙalami har inda labari ya ƙare. Gaba da nan fa? Sau nawa ya zauna zai rubuta "Shu'ibu ya shigo gari", hannunsa ya ƙi. Ya kashe shi a labarin kuma, ai wannan ko a mafarki.

Ana cikin haka sai ga Isa mai banda, wanda ke kawo kifi daga Guri duk ranar kasuwa, ya zo da saƙo. Ya ce, "Tsohuwarka tana gaishe ka. Ta ce labari ya iske ta wai ɗanta yana cikin takarda, kuma takardar tana hannunka. Ta ce ka zo ka karanta mata."

Malam bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa Iya Zaituna ya yi littafi ba. Kuma ya san mutanensu: abin da aka rubuta, a wurinsu ba ya ƙarya. Tsohuwa za ta zauna ta saurara a matsayin labarin ɗanta na gaskiya, ta kai bakin kogi, ta ce sai me? Ya ce mata ƙage ne, ya karya mata zuciya. Ya yi shiru, ya ci amanarta.

Ga kuma wata rigimar. Iya Zaituna Babarbariya ce, Hausarta ta sayen gishiri da kanwa ce, ba ta ɗaukar labari mai tsawo. Shi kuwa tun yana ɗan shekara bakwai kawunsa ya kawo shi Haɗeja, Barbarcinsa ya yi tsatsa, sai gaisuwa da ɗan abin da ba a rasa ba. Mutumin da ya cika littafi da zance, ga shi ba zai iya gaya wa uwarsa shi ba. Wannan abu ya ba shi kunya ƙwarai.

Ya sayi sabon littafin rubutu, ya shiga juya labarin zuwa Barbarci, shafi bayan shafi. Aikin da ya zaci na mako biyu ne ya cinye masa wata uku. Duk ranar kasuwa sai ka gan shi tsugune a rumfar Isa, cikin ƙaurin banda, yana tambayar yadda ake cewa kaza da kaza. Isa ya yi ta dariya: "Yau ga malami ya zo makarantar mai kifi." Wani wurin in ya juya sai ya ji zancen ya bushe. Wani wurin kuwa, musamman inda Shu'ibu ke magana, sai ya ji muryar yayansa sak, domin da ma da wannan harshe Fannami ke masa faɗa, da shi yake rarrashinsa. A irin wurin nan Malam kan ajiye alƙalami ya daɗe bai ɗauka ba.

Da aka ba da hutu, ruwa bai gama janyewa daga fadama ba. Ya yi rabin hanya a keke, ya bar keken a wani ƙauye, ya ƙarasa a kwalekwale ta tsakiyar gonakin shinkafa. A jakarsa akwai littafin ɗab'i, da fassararsa, da shafukan nan goma sha biyu da Zariya ta dawo masa da su.

Ya iske Iya ta ƙara ƙanƙancewa, amma bakin yana nan. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Auta, a birnin naku ba a dafa abinci ne?" A rumfarta, inda yake tun fil azal, goran Fannami na rataye, babban gora irin wanda masunta ke kwanciya a kai su bi ruwa. Ga komarsa ta kamun kifi a gefe. Duk shekara sai ta sauke ta, ta ɗinke inda ɓera ya ci, ta mayar.

Washegari da hantsi suka zauna. Ta jawo komar kan cinyarta tana ɗinki, shi kuma ya buɗe fassararsa ya fara. Bai gama shafi ɗaya ba ta tare shi.

"Wa ya koya maka wannan kalmar?"

"Isa ne, Iya."

"Na ji alama. Maganar 'yan kasuwa ce. Yayanka ba zai faɗi haka ba."

Ta ba shi wadda ta fi, ya goge ya gyara. Haka suka yi ta yi. Ba ta taɓa kiran sunan Fannami ba, domin ɗan fari ne, kuma ita mace ce mai alkunya irin ta da. "Yayanka" take cewa, ko "wancan". Tun da mahaifinsu ya rasu, babu mai ambaton sunan a gidan.

Rana ta biyu Shu'ibu ya wuce Barno, ya yi zazzaɓi a wani zango, wata mai fura ta yi jinyarsa. Iya ta sa wa matar albarka kamar tana gabanta. Malam ya ce a ransa, shi ke nan, ta ɗauka gaskiya ne. Can ta ajiye allurarta.

"Auta, shi wannan Shu'ibun daga sama ya faɗo? Tun jiya ban ji an ce yana da uwa ba."

"Yana da ita, Iya. Masu bugawa ne suka cire ta."

"Laifin me ta yi musu?"

"Sun ce ba ta yin komai sai jira."

Iya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Su gwada mana, su ji ko ba aiki ba ne."

Sai ya ciro shafukan nan. Bai juya su ba tun farko, don bai yi niyyar karanta su ba, sai ya riƙa juyawa da ka, yana tuntuɓe. A ciki akwai tsohuwar da ke tare kowane alhaji da ya sauka a yankin, ko da tafiyar yini ce, ta tambaye shi ko ya ga wani dogo mai tabo a gira. Akwai yadda take ƙin sayar da gora ko nawa aka taya. Iya ba ta gyara masa kalma ko ɗaya ba a nan. Allura tana hannunta, amma ba ta ɗinki.

Rana ta uku suka iso bakin kogi. Shu'ibu ya zauna, kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, mai fito bai zo ba. Malam ya rufe littafi. Kaji suna tono a tsakar gida, can nesa wata tana daka.

"Sai me?" in ji Iya.

Ga tambayar da ya yi wata uku yana tsoro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ki yafe mini. Babu wanda ya aiko mini da labarinsa. Ni na ƙaga, tun daga farko har ƙarshe. Ban san inda yake ba. Ban san ko yana raye ba."

Ya jira kuka. Sai ya ji tsaki.

"Kai dai boko bai ƙare ka da komai ba. Ka zaci ban gane ba? Yaron da ya ƙetare kogin garin nan a kan gora yana shekara tara, ruwa ya kawo iya wuya, ni ina ihu a gaɓa, shi ne zai zauna kwana uku yana jiran mai fito? Wannan kai ne, Auta. Kai ne mai tsoron ruwa."

Dariya ta kufce masa, hawaye na biye da ita.

"Tun ranar farko na sani," ta ce. "Na dai bar ka ne, don na daɗe ban ji ana zancensa ba."

Ta shafa komar. Sannan ta tambaye shi, takardar nan ina da ina take zuwa? Ya ce Kano, Jos, Maiduguri. An ce ma mahajjata na tafiya da ita, ana karanta wa mutane a zangon Hausawa can Gabas.

"Har inda ake tsinkar audugar?"

"Mai yiwuwa, Iya."

"To su masu bugawar me suke so a na biyun?"

Ya gaya mata: raƙuma, dardumai, gari ya fito tarye. Nan take ranta ya ɓaci.

"Kul! Kada ka kuskura. Ka san yayanka da zuciya. Ni na san abin da ya riƙe shi, in dai da rai: kunyar dawowa hannu rabbana. In ya ji an karanta cewa da raƙuma ake dawowa, yaushe zai taso? Ai ka ƙara ɗaure shi ke nan."

Shekara biyu Malam yana neman dalilin da hannunsa ke ƙin rubuta raƙuman nan, ga tsohuwar da ba ta san bihim ba ta faɗa masa a numfashi ɗaya.

"Kada ka shigo da shi gari," ta ci gaba. "Wannan ba a hannunka yake ba, na Allah ne. Kai dai juyo da fuskarsa yamma. Ka jera masa hanya gari bayan gari, ko ya manta. Ka ba shi riga ɗaya, yagaggiya, ka sa ko'ina ya sauka a karɓe shi. Ka rubuta cewa ba a jiran tsaraba. Tsohuwar nan kuma ka mayar da ita, ka ce goransa na nan, komarsa ba ta ruɓe ba. In sun sake cire ta, ka ce su ba ka takardarka."

"Baturen ba zai so ba, Iya. Ƙila ma su ƙi bugawa."

"Sai ka yi ta aika musu har su gaji. Ai ka ga yadda ake jira."

Ta gyara mayafinta, ta kau da kai wajen rumfa, muryarta ta yi ƙasa.

"Saura abu ɗaya. Wannan Shu'ibun ka sallame shi. In an karanta a zango, ta yaya mutum zai san da shi ake? Ka sa sunansa na yanka, da na ubansa, da garinsu. Ni bakina ba ya iya faɗa. Takarda kuwa ba ta da kunya."

Malam Abdulwahid ya jawo littafin fassarar, ya buɗe inda farin shafi ya rage. Hannun da ya yi shekara biyu yana gardama bai yi ko gezau ba. Ya rubuta layi ɗaya da Hausa, ya juya shi da Barbarci a ƙasa, sannan ya karanta mata a hankali:

"Da gari ya waye, Fannami ɗan Bala, mutumin Guri, ya tashi ya juya wa kogin baya."

Iya Zaituna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta daɗe a haka, har Malam ya zaci ya yi kuskure a wata kalma. Can daga cikin mayafin ta ce, "Ban ji da kyau ba, Auta. Maimaita."

Ya maimaita. Ta ce ya sake.