Rawanin da Ba a Naɗa wa Riyasat Ba

Idan wanda ya kamata ya naɗa wa mutum rawani ya mutu bai naɗa ba, hannun wa ya halatta ya taɓa rawanin? Shekara biyu ke nan ina juya wannan tambaya, har yau ban ga bakinta ba. Wataƙila don ni ban taɓa yin malami ba ne. Da tsofaffin littattafan bakin titi da wata kwamfuta mai tari na koya wa kaina aikin da nake ci da shi a birnin Gujranwala. Ina gyara wa mutane shafukansu na intanet, yadda idan an bincika za a gan su a sama.

Riyasat ne ya jawo mini tambayar. Mai walda ne, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, amma ya daɗe da barin haɗa ƙofofi. Koyarwa yake yi. Masana'antar fanka ko ta injin ban ruwa ta ɗauke shi mako uku ya horar da sababbin ma'aikata, ya gama ya wuce wata. Tsofaffin masu masana'antu sun san shi, aike kawai suke yi. Yanzu 'ya'yansu ne a ofis, su kuwa a waya suke neman ma'aikaci.

Wata biyar ba wanda ya kira shi. Yayan matarsa ya samo masa aikin gadi a injin casar shinkafa, zai fara ranar ɗaya ga wata. Saura mako uku ya shigo shagona da hantsi, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Zahur, sarkin maɓallai," in ji shi. "An ce kai ke ɗaga mutane sama. To ga ni, ba ni da nauyi."

Na rubuta abin da duk mai neman irinsa yake rubutawa: ustad (wato malamin sana'a), walda, Gujranwala. Na yi ta gangarawa. Sai a shafi na shida muka tarar da shi, wani ɗan shafi da surukinsa ya buɗe masa. A samansa an rubuta: Riyasat, ɗalibin Ustad Fazal Din.

"Shafi na shida, Riyasat bhai, yayana. Ko mai neman akuyarsa da ta ɓata ba ya kaiwa nan."

"Wane ne na ɗaya?"

Ya san amsar. Jamshed ne, ɗan marigayi Fazal Din, wanda ya buɗe makarantar walda da sunan ubansa. Duk kasuwa ta san Jamshed bai taɓa ƙona yatsa ba a rayuwarsa. Abin da Riyasat bai sani ba shi ne ni na kai shi sama. Yabo arba'in da ke ƙarƙashin shafinsa ni na rubuta su da hannuna, da sunayen mutanen da ba a haifa ba. Na gaya masa, don ba na son ya ji a wani baki.

Ya dube ni. "To ka iya ƙarya. Gaskiya fa, ka iya ta?"

"Gyaran mai sauƙi ne," na ce. "Mutane ustad suke nema. Kai kuma kalmar a jikin sunan wani ka manna ta, shi ya sa duk wanda ya bi ta yake faɗawa gidan Jamshed. Mu sa ta a gaban sunanka."

"A'a."

"Kalma ɗaya ce."

"Ba a naɗa mini ba."

A layin masu walda haka abin yake tun kakanni. Sai malaminka ya tara mutane, ya naɗa maka rawani da hannunsa, an raba alewar laddu, sannan ka isa ka rubuta ustad a allon shagonka. Fazal Din ya sayi farin ƙyallen, ya sa ranar Juma'a, ya gayyaci mutane. Ranar Talata ya faɗi a bakin famfo yana alwala. Shekara goma sha huɗu ke nan.

"Amma kowa ustad yake ce maka," na ce.

"Direban bas ma ustad ake ce masa. Baki daban, rubutu daban. Nemo wata hanya."

Na nemo. Na ce in rubuta masa yabo hamsin, ya fi Jamshed da goma. Ya miƙe zai fita, sai da na riƙe hannun rigarsa. Washegari ya dawo da wani littafi mai tabon mai, cike da lambobin wayar waɗanda ya koyar. Ya ce in tambaye su, kuma kada in gaya wa kowa abin da zai ce.

Kwana goma ina aika saƙo. Amsa ta riƙa zuwa daga Sialkot, daga Karachi, daga Dammam da Maskat. Wani ya rubuta cewa ranar jarrabawarsa a tashar jiragen ruwa, mai dubawa ya shafa layin waldarsa ya tambaye shi wa ya koya masa. Wani ya ce har yau idan hannunsa ya yi sauri yana jin muryar tsohon tana cewa, "Ina za ka? Ƙarfen ba ya gudu." Mutum talatin da ɗaya suka rubuto. Na sa hotunan aikinsa, na jera unguwannin da ya koyar, na rubuta irin waldar da yake koyarwa da kalmomin da mutane ke nema. Shafin ya taso zuwa na uku, ya tsaya cak.

Na juya masa kwamfutar. "Karanta. Duk talatin da ɗayan Ustad Riyasat suka rubuta. Ban sa su ba."

"Ɗalibi ba ya naɗa malaminsa. Ruwa daga sama yake gangarowa."

"Ni wa ya naɗa mini? Ga ni ina ci."

"Shi ya sa ka rubuta yabo arba'in."

Na sha shayina da ya huce. A raina ina ganin taurin kai ne kawai, mutum ya bar sana'ar hannunsa ya koma buɗe wa motocin shinkafa ƙofa saboda ƙyallen da ke cikin akwati. Amma wani ɓangare na zuciyata yana ganin shi kaɗai ne a layin nan da kalma take da nauyi a wurinsa, ni kuma aikina shi ne in rage mata nauyi.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, bayan azahar, Jamshed ya faka babur a ƙofar shagona. Riyasat na zaune. Da gani ya san zai same shi a nan. Ya shigo da ƙamshin turare da wani ƙunshi a leda.

"Chacha ji, baffana, ashe kai ma ka shiga zamani." Ya ajiye ƙunshin a kan tebur ya buɗe. Farin ƙyalle ne, lanƙwasarsa ta yi rawaya. "Ka gane shi? Ammi, mahaifiyata, ta ajiye shi duk shekarun nan. Na ji an ce gadi za ka koma, raina ya ɓaci. Ranar Juma'a in tara mutane in naɗa maka a madadin mahaifina, Abba ji. Ka rufe wannan ɗan shafin, ka dawo gida ka koyar a makarantata. Sunan gida ɗaya ne."

Riyasat bai taɓa ƙyallen ba, amma idonsa bai bar kansa ba.

"Kai za ka naɗa mini?"

"Jinin Abba ji ne a hannuna."

"Na sani. Ni na ɗauke ka a kafaɗa ranar da ka faɗa kwata a bayan shago."

Jamshed ya yi dariya, ya juyo wurina. "Zahur bhai, ga sabon hoto ka ɗora mini a sama. Masu injin ban ruwa na hanyar Sialkot suna neman mai horar musu da mutum ashirin, ina son su gani."

Ya miƙo wayar, Riyasat ya riga ni karɓa. Hoton bututu ne da aka haɗa da walda, a samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: Aikin gidan Ustad Fazal Din. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton kamar yadda na koya masa. Ya matso da shi kusa da idonsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ɗalibina na ɗaya."

"Na ɗaya." Ya ƙara buɗawa. "Ni dai kashin tantabara nake gani. Dubi ramuka. Dubi nan, wutar ba ta ma shiga ƙarfen ba, a sama ta kwanta. Ruwa na buga wannan zai buɗe kamar bakin kifi, in da mutum a gabansa ya tafi da fuskarsa."

"Chacha ji, hoto ne kawai. Wa yake duba wannan?"

"Ubanka. Na yi wanda ya fi wannan sau goma, ya buge mini hannu da awartaki, na yi kwana uku ina cin gurasa da hagu."

"Zamanin ya wuce."

"Tun yaushe sunan malamina ke kan irin wannan?"

Ni ya tambaya, ba Jamshed ba. Na ce shekara biyu. Na ce ni na ɗora hotunan, ban san bambanci ba, duk ƙarfe ne a idona.

Wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya, kwamfutar ta koma kan batir. Yana ta kallon hoton.

"Shekara sha huɗu ina tsare masa kalma ɗaya," ya ce a hankali, "ashe sunan gaba ɗaya yana kwance a kwata."

Jamshed ya karɓi wayarsa. Murmushin ya tafi. "Ka yi tunani dai. In ka rubuta abin da Zahur ke zuga ka ka rubuta, zan bi layi shago shago in gaya musu ba wanda ya naɗa maka. Ka san bakin mutanenmu."

"Ba sai ka wahalar da baburinka ba, puttar, ɗana. Ni zan gaya musu." Ya tura ledar da bayan hannu zuwa gefen tebur. "Mayar wa Ammi ƙyallenta. Ka ce ina gaishe ta."

Jamshed ya tsaya a bakin ƙofa da ledar a hannu, bai fita ba.

Har yau ban san ko abin da ya biyo baya daidai ne ba. Dattawa biyu na layin masu walda sun daina amsa sallamarsa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Na dai san abin da idona ya gani.

"Zahur, matsa."

Na tashi na ba shi kujerata. Ya jawo ta, ya goge hannunsa a cinya. Na nuna masa inda sunansa yake. Da farko ya gangara ƙasa, wurin bayani, ya rubuta da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa: Malamina ya rasu bai naɗa mini rawani ba. Ku kawo ƙarfe ku gani.

Sannan ya koma sama, ya kai alamar rubutu gaban sunansa.

"Ina U take a wannan abin naka?"

Na nuna masa harafin farko na ustad. Ya ɗora ƙonannen yatsansa a kai, ya danna.